Yaya, Mudi Ya Ɗauki Bashinka

Zuwa ga yayana Hamisu,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah ya sa wannan wasiƙa ta same ka cikin rahamarsa, ya yalwata maka makwanci, ya haskaka shi. Inna tana gaishe ka. Mijina Baban Walid yana gaishe ka. Matarka Safiya da yaranka biyu suna can Ingila, lafiyarsu ƙalau, gwargwadon lafiyar da ake iya samu a gidan da aka yi rashi. Ni ce ƙanwarka Zinatu, daga unguwar Hindawiyya ta Jidda, wata huɗu bayan mun kai ka makwancinka.

Na san ba karantawa za ka yi ba. Na sa ta a shafina na intanet ne don mutanenmu na Hindawiyya da Ammariyya su gani, kuma don akwai mutum ɗaya da nake so ya karanta, wanda na tabbata yana leƙo ni safe da yamma. Da kana raye da tuni ka fizge wayar daga hannuna, ka ce, "Zinatu, bakinki zai ja mana." To yau babu mai fizgewa, Yaya, kuma raina a ɓace yake.

Bari in fara daga farko, don waɗanda suka san ka da fuska kawai.

A ɗakuna biyun nan na Inna aka haife mu, ni da kai. Tun kana ƙarami babu rediyon da ya tsira a gidanmu. Ka kwance na Baba sau uku, a na ukun ne ya yi magana bayan ka mayar, kuma duk da haka ka sha duka. Hannun nan naka shi ya kai ka karatu, shi ya kai ka har Ingila kana gyaran injinan ɗaukar hoton ƙashi a asibitoci. Ba ma'aikacin dindindin ba ne kai. Aikin kwantiragi kake yi, wata shida a wannan asibiti, shekara guda a wancan, kuɗinka kuma ta hannun wani kamfanin dillalai suke biyowa.

Wanda ya haɗa ka da kamfanin shi ne Mudi.

Ba sai na gaya maka wane ne Mudi ba, amma zan gaya wa masu karatu. Ɗan maƙwabta ne. Uwarsa tana kwana uku huɗu a Makka wajen sayar da kaya, shi kuma a tiren gidanmu yake ci. Inna ta sha yanka yadi ɗaya ta ɗinka muku riguna iri ɗaya na sallah. Ni nake wanke kwanon da kuka ci. Ya riga ka tafiya Ingila da shekara biyu, shi ya tarbe ka a filin jirgi, shi ya ba ka rigar sanyi ta farko. Ina faɗin wannan ne don kada wani ya ce na ɓoye alherinsa. Na lissafa masa shi duka, ga shi nan, bai wuce layi uku ba.

Ina tuna zuwanka hutu na farko. Muna zaune bayan la'asar, na dafa shahi, ka sayo burodin tamis mai zafi, kana yi wa Inna bayanin yadda ake biyan ka. Ka ce kamfanin kaɗan yake rubutawa a matsayin albashi, sauran kuma ya ba ka da sunan rance, saboda rance ba a cire masa haraji. Inna ta ajiye kofinta ta ce, "Rance? To wa zai biya?" Ka yi dariya ka ce, "Babu mai biya, Inna. A takarda ne kawai. Mudi ya ce manyan lauyoyi sun duba, halas, mafi mushkila, babu matsala." Ta kalle ka ta ce, "Ni dai ba na son kalmar nan a kusa da sunanka."

Tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba ta gane abin a zama ɗaya. Mu masu ilimi muka yi mata dariya, har da ni.

Kuma na ci kuɗin nan, Yaya, ba zan ɓoye ba. Keken ɗinkin da nake neman abinci da shi kai ka saya. Iƙamar Inna, takardar zamanta a ƙasar nan, kai kake sabuntawa duk shekara. Aikin da aka yi mata a gwiwa kai ka biya. Ba ka sayi motar alfarma ba, ba ka yi yawon duniya ba. Guminka ne, ka tashi cikin sanyi ka nemo shi, mu kuma muka buɗe baki. Duk lokacin da na taka keken nan yanzu sai in tuna da wane kuɗi aka saye shi.

Shekaru suka ja. Kamfanin ya rufe, ka koma karɓar albashi kamar kowa, ka manta da zancen. Mudi ya tattaro ya dawo Jidda, ya samu kafili, ɗan ƙasa mai tsaya masa, ya buɗe ofishin kargo a Bab Makka yana aika wa mutane kaya gida. Ya yi ƙiba. Ya fara sa turaren da ke riga shi shiga ɗaki.

Sai ga wasiƙa ta farko. Masu karɓar haraji na Ingila suka ce abin da aka ba ka ba rance ba ne, albashi ne aka sa wa rigar rance, kuma an yi doka da ta waiwaya baya, don haka harajin dukan shekarun nan yana kanka, a biya shi dunƙule. Ka yi wata biyu ba ka gaya wa kowa ba. Safiya ce ta kira ni ta ce ka daina cin abinci, ka daina wasa da yara, kana zama da takardu a gabanka ba ka juya shafi. Masu kamfanin da suka tsara abin kuwa, ko ƙurarsu ba a gani ba. Ku da kuka sa hannu, ku ake da adireshinku.

Ka sayar da gidan da ka yi shekara goma sha biyar kana biya. Kuɗin suka rage wani abu, ba su share ba. Safiya da yara suka koma haya, kai kuma ka dawo Jidda da akwati ɗaya, wai ko za ka samu aikin da zai taimaka. Kana da shekara hamsin da huɗu ka koma kwana a ɗakin da aka haife ka. Mutumin da likitoci suke jira ya zo kafin su fara aiki, shi ne ya koma gyaran mukayyif a wani shago a Ammariyya, yana hawa tsani cikin zafin Jidda yana wanke wa mutane na'urar sanyaya ɗaki.

Ba ka taɓa zagin Mudi ba. Wannan ne ya fi ƙona ni. Duk sanda na ɗauko zancensa sai ka ce, "Ma'alesh, ba komai, Zinatu. Shi ma yaudarar sa aka yi." Yakan tsaya da motarsa a bakin shagon, ya sauke gilashi rabi, ya ce, "Ya shekh, ka yi haƙuri, jarrabawa ce." Kai kuma ka yi masa godiya.

Wasiƙa ta biyu ita ta ƙarasa ka. Wani kamfani daban, wanda ba ka taɓa jin sunansa ba, ya rubuto cewa ya sayi basussukan tsohon kamfanin, don haka rancen da aka ba ka a shekarun baya, ka shirya biya. Ka zauna a bakin gadon Inna da takardun biyu, ɗaya a kowane hannu. Ka ce da ni, "Waɗannan sun ce albashi ne, in biya haraji. Waɗannan sun ce rance ne, in mayar. Kuɗi ɗaya ne fa, Zinatu." Ban taɓa jin muryarka ta yi ƙasa haka ba. Daga nan ka ce abin da har yau yake tashi na tsaye: "Ba biyan nake tsoro ba. In mutu da wannan a wuyana nake tsoro."

Mun tashi muna jin malamai suna cewa mai bashi ba ya samun sakewa a kabarinsa sai an biya masa. Kai kuwa ko bashin baƙala, ɗan kantin nan, ba ka kwana da shi. In ka karɓi madara a kantin unguwa ba ka da canji, kafin magariba ka koma.

Sati uku bayan wannan, ranar Talata, ka sauko daga tsani ka ce wa mai shago ƙirjinka yana maka ciwo. Kafin a kai ka asibiti an gama.

Yanzu zan gaya maka abin da ba ka gani ba, duk da kana wurin.

Ka san limaman masallatan nan ba sa tambayar bashin mamaci kafin sallar gawa. Amma mu mutanenmu ba mu bar al'adarmu ba. Da aka kawo ka ƙofar gida don Inna ta yi maka addu'a kafin a wuce masallaci, Malam Sidi, dattijon unguwarmu, ya tsaya a kan makara ya ɗaga murya kamar yadda ya saba: "Jama'a, akwai mai bin Hamisu bashi? Akwai wanda zai tsaya masa?" Ina bayan labule da mata. Babu wanda ya fito, don rabin mutanen da ke tsaye sun san zancen takardun. Na hango Baban Walid yana motsa baki, bawan Allah, shi da albashin direba. Inna ta riƙe hannuna har farcenta ya shige ni.

Sai ga Mudi ya ratso mutane, cikin farar riga mai guga, yana share ido da gefen rawaninsa. Ya ɗora hannu a kan makararka ya ce, "Ya jama'a, Hamisu ɗan'uwana ne, a kwano ɗaya muka ci. Duk abin da ake bin sa, kaɗan ko mai yawa, alayya, yana wuyana. Na ɗauka. Yalla, ku sallace shi."

Malam Sidi ba ya gaggawa. Ya ce, "Mudi, ka ɗauka?" Ya ce, "Na ɗauka." Ya sake tambaya, ya sake amsawa. Sau uku, Yaya, a gaban maza sun fi arba'in. Mutane suka hau sa masa albarka. Inna ta fashe da kuka tana cewa Allah ya saka masa. Ni kaina, Allah ya gani, a wannan lokacin na ji kunyar duk abin da na taɓa faɗa a kansa.

Abin da ya yi tsammani, na gane daga baya, shi ne kuɗin haya na wata ɗaya da ɗan abin da ba a rasa ba a kanti. Takardun Ingila kuwa, a lissafinsa, an binne su tare da kai. Wa zai tsallako teku ya nemi gawa? Ya sayi suna ne da araha. Har ma wani ma'aikacin ofishinsa ya ɗauki bidiyon, shi Mudi da hannunsa ya tura a zauren mutanen unguwa na waya, ya rubuta a ƙasa cewa zumunci ba a baki yake ba. Na adana bidiyon nan don in riƙa yi masa addu'a. Allah ya san dalilin da ya sa ya nufe ni da adanawa.

Takardun ba su mutu ba. Kafin a yi sadakar arba'in, Safiya ta kira tana kuka, an rubuto wa magada. Duka ɓangarorin biyu.

Ranar na buɗe akwatinka. Ban iya Turanci ba, ka sani, amma yanzu waya tana karanta wa mutum in ya haska mata takarda. Na yi yini uku ina haskawa shafi bayan shafi, ɗinkin mutane yana jira. A takardar farko da ka sa wa hannu, can ƙasa, akwai gurbin sunan wanda ya kawo ka, da bayanin cewa yana da kaso a cikin duk abin da aka biya ka, muddin kana tare da kamfanin. Sunan Mudi ne a wurin, da cikakken sunan ubansa. Duk wata da ka tashi da asuba ka tafi asibiti, shi ma ana jefa masa nasa. Shekara shida.

Ban tsaya nan ba. A cikin waɗanda suka kira ta'aziyya akwai wata ma'aikaciyar jinya, Bahaushiyar Kumasi, da kuka yi aiki tare. Na nemi lambarta na kira ta. Ta ce ita ma Mudi ne ya kai ta, ita da wasu mutanenmu da dama, duk yanzu suna cikin irin halinka. Na tambaye ta shi nawa aka ce ya biya. Ta yi wata dariya mara daɗi ta ce, "'Yar'uwa, shi ai bai taɓa karɓar nasa albashin ta wannan hanyar ba. Nasa a fili yake karɓa, a cire haraji, ya kwana lafiya. Ranar da muka tambaye shi dalili a zaurenmu na waya, ranar ya fita."

Ka ji wanda aka yaudara, Yaya. Ya san ramin, ya tsaya a gefe yana nuna muku hanya, ana biyan sa kuɗin kowane kai.

Na je wurin Malam Sidi da tambaya ɗaya: maganar da Mudi ya yi a kan makara, magana ce ko iska? Ya ce magana ce mai ɗaure mutum, wanda ya ce ya ɗauki bashin mamaci a gaban shaidu, ya hau kansa, ba wasa a ciki. Na ce to yayana ya kuɓuta ke nan? Ya ce, "Zinatu, ba zan yi miki ƙarya ba. An ɗauka masa, muna kyautata zato. Amma cikakken sanyi sai ranar da aka biya."

To ka ji abin da ya hana ni zama. Ba kuɗin Mudi nake kwaɗayi ba, ko riyal ɗaya ba zai shigo hannuna ba. Sanyin nan nake nema maka.

Ranar Asabar bayan azahar na ɗauki takardun biyu, na ɗauki Baban Walid da Malam Sidi, muka nufi Bab Makka. Ofishin cike yake da mata masu auna kaya, ga buhunan dabino, ga katan-katan na atamfa da abaya. Da gangan na zaɓi lokacin. Mudi ya taso da fara'a yana cewa a kawo shahi. Na ce ba shahi ya kawo mu ba, na shimfiɗa masa takardun a kan sikelin da yake auna kaya. Na ce, "Ga abin da ka ɗauka."

Ya duba ta farko, ya duba ta biyu, fuskarsa ta sauya. Ya yi ƙasa da murya ya ce, "Ya ukhti, 'yar'uwata, wannan ai ba bashi ba ne. Albashinsa ne, kowa ya sani. A takarda kawai aka rubuta rance."

Malam Sidi ya gyara tsayuwa a kan sandarsa ya ce, "Kowa ya sani, Mudi? Kai ma ka sani tun ranar da ka kai shi ya sa hannu?"

Mudi ya mayar da idonsa kan takardun.

Na ce, "In rance ne, ga takardar masu rance, ka biya. In albashi ne, ga takardar masu haraji, ka biya. Ba ka ce ka ɗauki rance ban da haraji ba. Cewa ka yi duk abin da ake bin sa. In ka manta, ga muryarka a wayata." Na kunna bidiyon, na ƙure ƙara. Matan nan suka bar awo suka juyo. Muryarsa ta cika ofishin tana cewa na ɗauka, na ɗauka, na ɗauka, shi kuma yana tsaye gumi yana bin wuyan rigarsa.

Ya ce magana ce ta wurin jana'iza, kowa yana faɗa. Malam Sidi ya ce shekararsa talatin yana yin tambayar nan a unguwa, bai taɓa ɗaukar amsarta a matsayin ado ba. Ni kuma na gaya masa abin da na zo da shi a raina. Na ce, "Mudi, kai ma za a ajiye ka a ƙofar gida wata rana, a yi tambayar nan. In ba ka biya ba, wallahi ko daga bayan labule ne sai jama'a sun ji muryata."

Baban Walid ya ja ni muka fito. A mota ya ce na yi tsanani. Na ce ban fara ba.

Na san abin da za ka ce. Za ka ce in bar shi da Allah. Na bar shi da Allah, Yaya, amma Allah ya ba ni baki da waya, kuma ban ga inda aka ce in ajiye su ba. Na tura bidiyon da hoton takardar da sunansa yake ciki ga duk matar da na taɓa ɗinka wa riga. Na tura wa mutumiyar Kumasi, ta tura wa sauran. Ban ƙara ko kalma ɗaya ta ƙarya ba, ban buƙata. Ya goge bidiyon daga zaure, amma ya makara da wata uku. Yanzu mata suna wuce ƙofar ofishinsa da kayansu a ka, su kai wa na gaba. An ce ranar Juma'a ya miƙa wa wani dattijo hannu a masallaci, dattijon ya tambaye shi, "Ka fara biya?" Da aka ba ni labari na ci abinci har na ƙara.

Ban ce na gama nasara ba. Masu rubuto wa Safiya ba su san Malam Sidi ba, ba ruwansu da abin da aka faɗa a kan makara a Hindawiyya. Ita suke nema, kuma za su ci gaba da neman ta har sai kuɗi sun isa hannunsu. Wani lauya a can ya ce mata takardar masu rancen ana iya ja da ita, ta harajin ce mai wuya. Ko nawa ya rage bayan an gama ja, na rubuta wa Mudi lambar asusun da zai tura, na liƙa masa a ƙofar ofis.

Abu ɗaya ne yake ba ni tsoro, shi ne Inna. Ka san zuciyarta. Matar da ke ajiye wa magen unguwa ruwa a murfin tukunya. Na san Mudi zai gane cewa ta nan ne katangar ta fi gajarta, kuma in Inna ta ce ta yafe, Malam Sidi da dattawa za su ce a bar maganar, ni kuma a ce in rufe baki.

Shekaranjiya ya zo. Da hantsi, lokacin da ya san Baban Walid yana wurin aiki. Ya zo da kwalin dabino mai tsada da turare, ya cire takalmi tun daga matakala, ya durƙusa a gaban Inna har goshinsa yana taɓa tabarma. Ina tsaye a bakin ƙofa da almakashi a hannuna, ban ma san ban ajiye shi ba. Ya yi kuka sosai. Ya ce, "Inna, ni ɗanki ne. Ke kika raine ni. Kasuwata tana mutuwa, ba na iya shiga mutane. Na yi kuskuren baki ranar nan, zafin rashi ne. Ki sauke mini, Inna, ki ce kin yafe."

Inna ta sa hannu ta shafa kansa. Na ce a raina shi ke nan, an gama da mu.

Ta ce, "Mudi, abincin da ka ci a gidan nan na yafe maka shi duniya da lahira. Abin da ka yi mini ni, na hawayen da na zubar, shi ma na yafe." Ya fara godiya, ta ɗaga masa hannu. Ta ce, "Amma wannan kayan ba ni na ɗora maka ba, ɗana, ta yaya zan sauke? A hannun Hamisu ka karɓa, yana kwance, ba ya iya cewa a'a. Shi kaɗai zai ce ya fasa ba ka. Ka san inda kuka kai shi, kai ka shiga ramin ka karɓe shi. Je ka tambaye shi. In ya amsa maka, ka dawo ka gaya mini."

Ta tura masa kwalin dabinon da ƙafarta, a hankali, ta ce ya kai wa masu bin ka, a rage.

Ya fita bai ɗaure igiyar takalminsa ba. Inna ta juya fuskarta bango, ta daɗe a haka, ni kuma na zauna a bayanta na kwantar da kaina a kafaɗarta kamar ina 'yar shekara biyar. Muna haka aka kira azahar.

Yayana, ɗan'uwana, mai gyara abin da kowa ya fid da rai da shi. Ka yi haƙuri da dariyar da na yi wa Inna ranar shahin nan. Ka yi haƙuri ban buɗe akwatinka kana raye ba. Ina kewar tarinka a matakala, ina kewar yadda kake shigowa ka taɓa kekena ka ce yana neman mai. Ka kwanta, ka bar mini wannan. Ka ɗauke mu shekara ashirin, ni ma zan iya ɗaukar ka na ɗan lokaci.

Allah ya jiƙan ka, ya gafarta maka, ya sanyaya maka kabari tun kafin a gama biya, don shi ya san ba ka ci haƙƙin kowa ba. Allah ya raya maka yaranka, ya ba Safiya juriya, ya bar mana Inna. Allah ya fitar da duk waɗanda aka jefa a wannan rami tare da kai.

Shi kuma Mudi, ya Allah, ka ba shi lafiya. Ka tsare shi daga hatsarin mota da ciwon zuciya da mutuwar farat ɗaya. Ka ja masa kwana, ka bar masa hankalinsa da idonsa da hannun da zai sa a aljihu, kada ka ɗauke shi sai ya biya riyal na ƙarshe. Amin.

Taka har ranar da za mu haɗu,
Zinatu
Hindawiyya, Jidda